Yinin Da Na Yi Ina Ejan A Rumfar Zaɓen Unguwarmu

A ƙarshen shekarar 2022 shugaban jam'iyyarmu na mazaɓa ya same ni a shagona da ke bakin layinmu a cikin garin Gombe, ya ce dattawa sun zauna sun ga ni ya dace in zama ejan, wato wakilin jam'iyya a rumfar zaɓen unguwarmu. Dalilai biyu ya kawo. Na farko, na yi karatu har matakin difloma, saboda haka ba za a cika takarda a gabana a rufe ni ba. Na biyu, babu gidan da ba a san ni ba a unguwar, domin kusan kowa a wurina yake sayen sukari da sabulu da man gyaɗa, wasu da kuɗi hannu, wasu bashi. A lokacin dalilin farko kaɗai ya shiga kunnena, na kuma ɗauke shi a matsayin girmamawa. Sai daga baya na gane cewa na biyun ne ya fi nauyi a wurinsu.

Shiga aikin ba shi da wahala. An karɓi ƙananan hotunana guda biyu, da lambar waya, da adireshi, aka kuma ba ni takarda na sa hannu domin hukumar zaɓe ta INEC ta san irin sa hannuna. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba wa hannu ranar 25 ga Fabrairun wannan shekara, ta ba kowace jam'iyya damar naɗa wakili a kowace rumfa da kowace cibiyar tattara sakamako, ta kuma hana masu riƙe da muƙaman siyasa, kamar kwamishina da shugaban ƙaramar hukuma da kansila, yin wannan aiki, sai wanda ya ajiye muƙaminsa wata uku kafin zaɓe. Hikimar hanin a fili take, domin idan mai iko ya tsaya a bakin akwati talaka ba zai dangwala abin da ke ransa ba. Abin da ba a rubuta a dokar ba shi ne cewa a unguwa irin tamu mai shagon da ke bin mutane bashi shi ma yana da nasa ɗan ikon.

Zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairun 2023 ya wuce a rumfarmu ba tare da wani abin faɗa ba, domin a lokacin hankalin mutane ya fi karkata ga ƙarancin takardun kuɗi da canjin naira ya jawo. Zaɓen gwamna da 'yan majalisar jiha kuwa daban yake. Abuja tana da nisa, amma gwamna da ɗan majalisa su ne ke da ɗaukar aiki da rabon taki da kwangilar kwalbati, kuma duk wanda ya ci, akwai wanda zai ci albarkacinsa a layinmu. Da aka ɗage zaɓen daga 11 zuwa 18 ga Maris domin a sake saita na'urorin BVAS da ake tantance masu zaɓe da su, makon da aka ƙara bai sanyaya komai ba. Tun da tsabar kuɗi ta yi wuya, sai rabon ya koma na taliya da atamfa da sabulu, ana bi gida-gida bayan sallar isha, kowane ɓangare da nasa masu rabon.

Ranar Juma'a da daddare aka tara mu ejan-ejan na mazaɓar a wani gida. Aka ba kowa katin shaidarsa na ratayawa a wuya, da rabin kuɗin aikinsa, aka ce sauran sai ya kawo kwafin takardar sakamako, wadda ake kira EC8A. Da aka watse, shugaban ya riƙe ni a zaure, ya miƙo mini wani ƙaramin littafi na 'yan makaranta. Sunaye ne a ciki, mafi yawansu na matan unguwarmu, waɗanda suka karɓi kayan da aka raba. Ya ce, “Malam, ba mu ce ka taɓa kowa ba, ba mu ce ka yi wa kowa magana ba. Ka dai zauna inda za su gan ka, duk wadda ta zo ka yi mata alama. Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski.” Na karɓa na sa a aljihu ban yi musu ba. Abin da na faɗa wa kaina a hanyar gida shi ne ɗaya ɓangaren ma haka suke yi, kuma zama a kan benci ba laifi ba ne.

Na isa harabar makarantar firamaren da rumfar take tun kafin ƙarfe bakwai. Gari ya yi tsit saboda hana zirga-zirgar ababen hawa da 'yan sanda suka sanar daga tsakar dare zuwa ƙarfe shida na yamma. Malaman zaɓe huɗu ne, shugabarsu wata yarinya ce mai yi wa ƙasa hidima, 'yar kudu, wadda Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Tare da su akwai ɗan sanda ɗaya da wata jami'ar sibil difens, dukansu babu bindiga, domin ƙa'ida ce masu tsaron rumfa ba sa riƙe ta. Da yarinyar ta ji ina Turanci, tambayar farko da ta yi mini ita ce ko unguwar tana da zaman lafiya. Ban ga laifinta ba. A rikicin da ya biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilun 2011, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ya ci rayuka fiye da 800 a jihohin arewa cikin kwana uku, an kashe masu yi wa ƙasa hidima goma a maƙwabciyarmu jihar Bauchi, kuma duk wanda aka turo wannan yanki ya ji labarin tun kafin ya ga Gombe da idonsa. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ita baƙuwarmu ce.

Kafin a fara, ta ɗaga akwatunan biyu, na gwamna da na ɗan majalisa, ta kife su kowa ya ga babu komai a ciki. Ta nuna mana fuskar na'urar BVAS muka ga sifili, alamar ba a tantance kowa ba tukuna. Ta ƙirga takardun ƙuri'a a gabanmu, ni kuma na rubuta lambar ta farko da ta ƙarshe a kowane damin, na duba takardar sakamako na tabbatar ba a rubuta komai a kanta ba. Wannan shi ne ainihin aikin da doka ta san ejan da shi, kuma duk wakilin da ya makara har ya rasa wannan mataki ya riga ya yi asarar rabin aikinsa, domin da yamma ba shi da abin da zai auna lissafin da shi.

Daga nan sai maganar inda za a kafa ɗan shingen da ake shiga a dangwala ƙuri'a. Saboda inuwa, aka ajiye shi a gindin dogonyaro, bakinsa yana fuskantar bencin da mu ejan-ejan muke zaune, bayan bencin kuma akwai gajeriyar katangar makaranta wadda samari suka riga suka hau. Duk wanda ke kan bencin ko kan katangar, in bai ga tambarin da aka dangwala ba, zai ga ko hannun ya yi sama ko ya yi ƙasa a kan takardar, wannan kuwa ya isa. Mu biyar ne wakilan jam'iyyu a wurin, mun shafe watanni ba ma ga maciji da juna, amma babu ko ɗayanmu da ya ce a gyara. Wannan ne abu ɗaya da muka yi ittifaƙi a kansa a yinin nan ba tare da mun yi shawara ba, domin kowannenmu yana da waɗanda yake son ya gani.

Da ƙarfe takwas da rabi aka fara. An raba layin maza da na mata, kamar yadda doka ta yarda a yi a inda al'ada ba ta amince da cakuɗuwa ba, aka kuma gabatar da tsofaffi da masu juna biyu da masu goyo. Mutum zai miƙa katinsa, na'ura ta karanta yatsansa ko fuskarsa, a duba sunansa a rajista, a shafa masa tawada a gindin farce, sannan shugabar rumfa ta buga hatimi a bayan takardun ƙuri'a, ta sa hannu da kwanan wata, ta miƙa masa. Ni kuwa littafin nan yana kan cinyata a ƙarƙashin fayil. Duk matar da ta zo wucewa sai ta rusuna ta gaishe ni, in amsa, in yi alama. Wasu ma ba sa shiga shingen sai sun juyo mun haɗa ido. Na yi wa sunaye goma sha wani abu alama ban ji komai a raina ba.

Sai ga wata tsohuwa, aminiyar marigayiya mahaifiyata, wadda duk gidanmu muke kira Goggo. Ita ta yi wa mahaifiyata wankan jegona tare da kakata, kuma a gabanta aka yi mini kaciya. Na'urar ta kasa karanta yatsanta, domin shekarun surfe da wanki sun shafe zanen, sai aka ɗauki fuskarta, ta wuce. Ta shiga shingen ta daɗe. Da ta fito, maimakon ta naɗe takardar kamar yadda aka nuna mata, sai ta ɗaga ta sama da hannu biyu ta juyo wajena, hannun yana rawa, ta ce, “Ɗan nan, ka gani ko? Ban ci amana ba.” Shugabar rumfa ta taso da sauri tana cewa ta naɗe, ta naɗe, samarin kan katanga suka yi shewa. Goggo ta jefa takardun a akwati, ta zo ta gabana ta sake cewa a hankali, “Ka faɗa wa Alhaji na yi.”

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba. Sunanta yana cikin littafin, turmin atamfa ɗaya da ƙullin taliya ta karɓa, kuma a shagona akwai ɗan bashin sukari da ke kanta wanda ban taɓa niyyar tambaya ba. Amma ita ba ta san niyyata ba. Abin da ta sani shi ne yaron da ta goya yana zaune da takarda da biro yana kallon hannunta, kuma gobe wurinsa za ta koma neman bashi.

Mu mutanen Gombe idan aka ce razana masu zaɓe, abin da ke zuwa mana a rai shi ne 'yan Kalare, kamar yadda mutanen Bauchi za su tuna da 'yan Sara-Suka: adda da gora da gariyo, da gudun da ake yi a rufe shaguna. Tun wajajen zaɓen 2003 muke fama da wannan bala'i, har Human Rights Watch ta yi rubutu a kansa a rahotonta na 2007, kuma ni kaina na sha rufe shago da gudu saboda su. Saboda haka kullum ina ɗaukar kaina a cikin waɗanda ake razanawa. Ranar nan babu wanda ya zare wa Goggo makami. Fuskata ce ta sa hannunta rawa, kuma saboda wannan fuskar aka zaɓe ni. Dokar zaɓe ta wajabta wa duk wanda ke rumfa, har da wakilin jam'iyya, ya kiyaye sirrin ƙuri'a, ta kuma haramta neman sanin wanda mutum ya zaɓa. Na san da wannan tun kafin in zauna a bencin, amma na ɗauka ya shafi mai leƙe ne kawai, ban ɗauka ya shafi wanda ake kawo wa takarda har gabansa saboda tsoro ba.

Na rufe littafin na mayar aljihu, na je wurin shugabar rumfa na roƙe ta a juya bakin shingen ya fuskanci bangon aji, a kuma matsar da bencinmu gefen akwatuna. Wakilin babbar abokiyar hamayyarmu, wanda ya girme ni kuma muna sallah a masallaci ɗaya, ya taso ya ce, “Malam, me ya yi zafi? Tun safe lafiya lau muke.” Ya ƙara da cewa idan aka ɓoye shingen, ta yaya za mu san ba a nuna wa tsofaffi inda za su dangwala. Na ce masa, “Yaya, akwati yana fili, hatimi a gabanmu ake bugawa, kuma babu malamin zaɓen da zai bi mutum ciki. Wanda ba ya gani ko ba ya iyawa, shi zai zo da wanda ya yarda da shi, ba ni ba, ba kai ba.” Wata mata mai sa ido daga ƙungiyoyin farar hula, wadda tun safe take rubutu ba ta ce uffan ba, ta ce ita ma ta rubuta matsalar shingen a rahotonta. Yarinyar ba ta jira ƙarin magana ba, da alama dama abin yana damunta, ta rasa wanda zai goya mata baya ne. Aka juya shingen, ɗan sanda ya sauko da samarin daga katanga. Ina ji ɗaya daga cikin namu yana waya yana cewa ejan ɗinmu ya sayar da mu.

Wata hanyar razanarwar kuma ban san da ita ba sai a ranar, kuma a hannun abokin hamayyar nan na gan ta. A bayan makarantar akwai gidajen haya da ma'aikatan jinya da malaman makaranta da 'yan kasuwa suke zaune, wasu daga Billiri da Kaltungo da ke kudancin jihar, wasu daga kudancin ƙasar nan. Ya riga ya yanke a ransa cewa ba nasu ba ne. Duk lokacin da ɗayansu ya iso gaban tebur sai ya miƙe ya ɗaga murya ya ce, “Wannan ba mu san shi ba, ba ɗan unguwar nan ba ne.” Doka ta ba ejan damar ƙalubalantar wanda yake zargin ba shi da haƙƙin zaɓe a rumfar, kuma dama ce mai amfani idan an yi ta da gaskiya. Amma rashin sanin fuska ba hujja ba ce, balle ma tun da INEC ta ƙara yawan rumfuna a 2021 daga 119,974 zuwa 176,846, aka kuma rage cunkoso ta hanyar mayar da wasu masu zaɓe rumfunan da ke kusa, ganin baƙuwar fuska ya zama abin da aka saba. Kowane ɗayansu sunansa ya fito a rajista, na'ura ta amince da shi, ya yi zaɓensa. Shi ma mai ƙalubalen ya san haka za a ƙare. Ba wanda ke gaban tebur yake nufi ba, na bayansa yake nufi, waɗanda ke tsaye cikin ranar Maris suna kallon yadda ake nuna ɗan'uwansu da yatsa a gaban jama'a ana tambayar asalinsa. Wani mutum ya zo da matarsa, bayan an gama hayaniya a kansa ya waiwaya bai gan ta a layi ba. Ya je ya dawo shi kaɗai. A karo na huɗu ne na fassara wa shugabar rumfa ainihin abin da ake faɗa, ta gargaɗe shi cewa idan ba shi da hujja ya zauna ko ta sa a fitar da shi, domin doka ta ba ta wannan iko. Ya zauna, amma ya riga ya sami abin da yake so.

Wajen ƙarfe goma sha biyu, lokacin da layin mata ya kai har ƙofar makaranta, sai jita-jita ta shigo cewa an fara sara a wata unguwa. Ba a jima ba wasu yara kamar takwas suka ɓullo a bakin layi, tazarar da ba ta fi taku hamsin ba daga rumfa. Biyu sun naɗe fuska da rawani, ɗaya yana jan gora a ƙasa. Ba su zagi kowa ba, ba su matso ba, zama kawai suka yi a kan dakalin wani gida suna kallonmu. Dokar 2022 ta hana riƙe makami, ko yin shigar da za ta tsorata masu zaɓe, ko yin gararamba babu dalili, a cikin tazarar mita 300 daga rumfa, kuma hukuncin tarar naira 100,000 ne ko ɗaurin wata shida. Wanda ya yi barazana da ƙarfi kuwa, tarar naira miliyan ɗaya ce ko ɗaurin shekara uku. Amma ɗan sanda ɗaya da sanda a hannu ba zai tunkari mutum takwas ba, abin da ya iya shi ne kiran motar sintiri. Kafin ya gama wayar, layin mata ya watse. Masu goyo ne suka fara juyawa, sauran suka bi, wasu har da barin takalma.

Na gane biyu daga cikin yaran, na sha ganinsu a bayan motar kamfen ɗinmu, akwai kuma wanda a zaɓen baya yake bin motar abokan hamayya, domin irin waɗannan yara ba su da jam'iyya sai wadda ta biya kuɗin ranar. Mai unguwa da limamin masallacinmu ne suka taka har inda suke. Ina biye da su a baya, na ji mai unguwa ya kira ɗayansu da sunan mahaifinsa ya ce, “Kai, cire rawanin nan, na san ka. Uwarka tana cikin waɗanda suka gudu yanzu.” Yaron ya sunkuyar da kai. Suna cikin haka motar sintiri ta shigo, yaran suka bi lungu suka ɓace.

Ba a kama kowa ba, ba a zubar da jinin kowa ba, ba a taɓa akwati ba, kuma duk wanda zai ba da labarin rumfarmu a taƙaice zai ce an yi zaɓe lami lafiya. Amma layin da ya kai ƙofar makaranta bai dawo ko rabinsa ba. Wasu mazan sun ce matansu ba za su sake fita ba, kuma ban ga wanda zai ce sun yi laifi ba. A jihar Gombe mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi ne suka yi rajista, waɗanda suka kaɗa ƙuri'a a zaɓen gwamnan ba su kai rabi ba, kuma idan masana suka zauna a rediyo sai su ce mutane sun gaji da siyasa. Matan da suka bar takalmansu a ƙofar makarantarmu suna cikin wannan lissafi, alhali tun hantsi suke tsaye a rana da katinsu a hannu.

Ƙarfe biyu da rabi jami'ar sibil difens ta tsaya a bayan mutum na ƙarshe a layi, aka ƙarasa da waɗanda ke gabanta. Shugabar rumfa ta soke takardun da ba a yi amfani da su ba, ta juye akwatin gwamna a kan tabarma, aka ware ƙuri'u jam'iyya-jam'iyya, tana ɗaga kowace ana gani. Jama'a sun dawo sun kewaye mu, domin hukuma ta yarda wanda ya yi zaɓe ya tsaya ya ga ƙirga muddin bai ta da hankali ba, suna amsa lamba da baki ɗaya kamar 'yan aji. An yi gardama a kan 'yan ƙuri'un da tawada ta shafi gida biyu wajen naɗewa. Guda biyu na ce ban yarda da soke su ba, ta rubuta a bayansu cewa an soke amma wakili ya ƙi amincewa. Daga nan aka gwada jimillar da adadin da na'ura ta tantance, suka yi daidai. Wannan gwaji yana da muhimmanci, domin a ƙarƙashin dokar 2022 idan ƙuri'u suka fi waɗanda aka tantance yawa, soke sakamakon rumfar ake yi gaba ɗaya. Shi ya sa a lokacin mai son ɓarna ba lallai ne ya yi aringizo don ya ci ba, yana iya cusa takardu ko ya ta da rikici a rumfar da ya san zai faɗi, domin a soke ta.

Mun faɗi a akwatin gwamna da tazara kaɗan. Na nemi a sake ƙirgawa, wanda doka ta ba ejan damar nema sau ɗaya, aka sake, lissafin bai canza ba. Ana cika takardar EC8A wayata ta yi ƙara. Shugaban mazaɓa ne, ya ce kada in sa hannu, in ce an yi maguɗi, in ɗaga murya yadda jama'a za su ji. Na ce, “Ranka ya daɗe, a gabana aka ƙirga har sau biyu.” Ya kashe wayar. Ƙin sa hannun ejan ba ya soke sakamako, shi ma ya sani. Ihun yake so, domin a cikin taron da ya kai mutum ɗari, ga magariba ta kawo kai, ga yarinyar mutane a tsakiya da akwati, kalmar maguɗi ɗaya ta isa ta kunna wutar da ba mai iya kashewa. Na duba alƙaluman da kalmomin da aka rubuta su da su, na sa hannu, na karɓi kwafina. Na tsaya har ta ɗauki hoton takardar da na'urar BVAS domin turawa shafin IReV na intanet, inda hukumar zaɓe ke nuna sakamakon rumfuna, aka kuma manna babban kwafi a bangon aji.

Daga nan muka raka su cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa, ni da abokin hamayyar nan a kan babur ɗaya, domin nasa ya ƙi tashi. Tun muna samari muke jin kiran nan na a kasa, a tsare, a raka, kuma har yau ina ganin kira ne na gaskiya, domin a tsakanin rumfa da cibiya ne alƙaluma suka saba canza kama. Sai dai ƙuri'a aka ce a tsare a raka, mu kuma a wurare da yawa mun mayar da tsaron kan mai ƙuri'ar. Mun zauna a cibiyar har bayan ƙarfe goma na dare, sai da na ji an karanta lambobin rumfarmu daidai da abin da ke hannuna sannan na tafi gida.

Hukumar zaɓe ta bayyana Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya a matsayin wanda ya sake lashe zaɓen jihar. Ranar Litinin na kai wa shugaban mazaɓa kwafin takardar sakamako. Ya karɓa bai dube ni ba, ya ce ina littafin. Na ce masa littafin ba zai dawo ba, domin na san abin da za a yi da sunayen da ba su da alama, kuma mafi yawansu matan da suka gudu ne ko waɗanda suka zo bayan na daina rubutu. Ya ce to sauran kuɗina ma ba za su zo ba. Na ce na ji. A murhun gidanmu na ƙone shi a daren.

Azumi ya kama ranar Alhamis 23 ga Maris. Ranar Laraba da yamma Goggo ta zo shago sayen sukari da gero na kunu. Ta jira sai da mutane suka ragu, sannan ta matso ta tambaye ni ƙasa-ƙasa ko gaskiya ne Alhaji ya yi fushi da matan unguwa saboda an faɗi akwatin, kuma ko za a ce su mayar da atamfar. Na ce mata babu wanda zai karɓi komai a hannun kowa, kuma babu wanda ya san abin da wani ya dangwala. Ta dube ni ta ce, “Ai kai ka ga tawa.” Ban sami abin da zan ce mata ba. Na auna mata sukarin da geron, ta ƙulle a bakin mayafinta, ta ce in rubuta a kan na da, ta tafi.